Kwano Huɗu da Rabin Ciki

Da aka ce za a yi wa Baba aiki a ciki a Kano, ba a daɗe ana shawarar wanda zai yi jinya ba. Yayana yana da shago a Gumel, ƙannena mata duk suna ɗakunansu, Inna kuwa mota tana sa ta amai tun kafin a fita gari. Aka waiwayo aka dube ni. Ni kaɗai ne ba ni da abin da zai lalace in na yi wata guda ba na nan.

Gaskiyarsu ne. Na bar boko a aji biyu na ƙaramar sakandare. Na yi wata uku wajen mai faci a Sule Tankarkar, na yi yaron mota, na yi acaɓa a Maigatari har na haddace duk hanyar da ba ta bi ta gaban duwan, wato 'yan kwastan. Ban taɓa cika shekara a abu ɗaya ba. Zama ne ba na iyawa, ko a wajen aski sai wanzami ya danne min kai.

Ciwon daji ne a tumbinsa. Kafin aiki likitar, wata siririya mai gilashi, ta zaunar da mu tana tambaya tana rubutawa. Shekarunsa nawa? Baba ya ce ya wuce sittin, amma bai san da nawa ba. Yana da suga? Yana da shi, yana shan magani in ya tuna. Taba fa? Baba ya ce ya daina. Ta ce yaushe? Ya dube ni, na dubi silin. Ya ce bara. Ya rame a 'yan watannin nan? Na ce mazagin wandonsa ya kusa zagaye shi sau biyu.

Ta ajiye biro ta ce tsufa, suga, taba, rama tun kafin a taɓa mutum, ga kuma yawan abin da za a yanke, su ne suke sa ciki ya daɗe bai dawo hayyacinsa ba bayan aiki. Wani guda ɗaya yake da shi, wani biyu. Baba ya haɗa duka. A gidanmu ba wanda ya taɓa cinye jarrabawa haka.

Aka yi aiki, aka cire fiye da rabin tumbin, aka fito da shi da roba a hanci. Washegari wata nas ta ce in tashe shi ya ɗan taka a baranda. Na dubi mutum da ɗinki daga ƙirji har cibiya, na ce a raina wannan ai rashin imani ne. Mu a garinmu mara lafiya kwanciya yake, shi ya sa ake ce masa yana kwance. In ta zo ta tambaya sai in ce mun taka. Baba ya gyaɗa kai. Wannan ce ƙarya ta farko da muka taɓa yi tare.

Ciki ya ƙi motsi. Ya kumbura ya yi tamtsam, in ka ƙwanƙwasa har amsawa yake. Kullum da safe nas ɗin ta zo ta tsaya a kansa, a gabana, a gaban mutum takwas da ke ɗakin da masu jinyarsu, ta ce:

"Baba, an fitar da iska?"

Baba ya dubi bango. Dattijon da ko hamma ba ya yi a gaban 'ya'yansa, yau ga 'yar cikinsa tana bin sa bashin tusa. Rana ta uku ba ta ma tambaye ni ko mun taka ba. Ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin gado, ta ga silifas ɗinsa ɗaya kan ɗaya, yadda na ajiye su ranar da muka zo.

"Kai ne ɗansa?"

"Ni ne."

"To kai ka kwantar masa da hanji. Hanji sai ya ga mai shi ya tashi yake tashi. Ɗaga shi."

Muka riƙa zagaya baranda, yana riƙe da kafaɗata, ina riƙe da ledar ƙarin ruwa a sama kamar mai tallan kifi. Rana ta biyar muna dawowa ya zauna bakin gado, ya ce ba tare da ya dube ni ba:

"Ka gaya mata an yi."

"An yi me, Baba?"

"An yi gidanku."

Na je na gaya mata. Ta yi murna sosai, har ta gaya wa wata.

Ranar da aka zare robar hancin, ya daɗe yana shafa wurin. Sannan ya ce da ni ko mutuwa zai yi kada in bari a mayar masa da wannan abin. Bai ɗaga murya ba. Na san shi, in ya faɗi magana a hankali to ta zauna.

Da za a sallame mu likitar ta ɗauko kofin shayin da ke kan teburinta ta nuna mana. Ta ce cikinsa yanzu bai fi wannan ba sosai. Ya ci kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a rana, ya tauna da kyau. Kada ya kora da ruwa, sai an jima kamar rabin awa. Abu mai zaƙi mai ruwa-ruwa kuwa a nisanta shi da shi, don zai zarce hanji kai tsaye ya kayar da shi. Aka ɗora shi a sikeli, kilo hamsin da ɗaya. Ta ce in ya sauka zuwa arba'in da biyar in dawo da shi, dole a sa masa roba a riƙa ba shi abinci ta nan. Baba ya ce Allah ya saka da alheri. Ni kaɗai na san abin da wannan godiyar take nufi.

Gidanmu yana wani ƙauye tsakanin Ɗanzomo da Gumel. A layinmu akwai ciyayya tun kafin a haife ni. Gida huɗu ne: namu, na ladan, na wani mai awon hatsi da riɗi, sai na wani tsohon direba da ya yi shekaru yana jan babbar mota zuwa Damagaram. Ana idar da magariba kowa zai fito da kwanonsa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu saboda Baba ne babba. Kwano ɗaya ake buɗewa, a cinye shi tas, a buɗe na gaba. Kuma kowa sai ya sa hannu a kowane kwano. In ka janye hannu a tuwon gidan wani, kafin gari ya waye matar gidan ta ji, kafin azahar Inna ta ji, kafin la'asar an tuno wata magana ta shekara goma.

Kwana huɗu da dawowarmu Baba ya ce a fitar masa da buzunsa. Na ce Baba, likita fa ta ce. Ya ce likita tana Kano. Na ce to bari in gaya musu yadda ake ciki, su yi maka uzuri. Ya ce:

"Cikina an buɗe shi sau ɗaya, da allurar barci. Kai kada ka buɗe shi ina farke."

Ya fita. Ina raɓe a zaure ina kallo. Tuwon dawa da kuka, ya ci. Tuwon gero da kuɓewa, ya ci. Dambu, ya ci. Shinkafa da wake na gidan direba, ya ci. Aka zagayo da kwanon sha ya ɗaga. Suka yi ta hamdala suna cewa jiki ya yi kyau, ai ci shi ne lafiya. Ya yi musu sallama cikin mutunci, ya shigo zaure, ya dafa bango. Zufa ta keto masa kamar an watsa masa ruwa, ƙirjinsa yana bugawa har ina gani ta saman riga. Na kai shi bayan gida sau uku kafin a kira isha'i.

Washegari ya sake fita. Jibi ma haka. Sai ya ɓullo da dabara. Tunda cikin ƙarami ne, sai ya daina cin komai da rana, wai yana tara wuri. Inna ta kawo koko ya ce ya ƙoshi, ta dafa ƙwai ya ce a ba jikoki. Ya wuni kamar mai azumi, magariba ta yi ya je ya zuba kwano huɗu a kofin shayi. Abin ya ƙara muni. Ni kuma na ƙyale shi, don in ka bi lissafin a hankali kamar yana da gaskiya.

Duk Juma'a bayan an sauko nakan kai shi rumfar mai awo in ɗora shi a sikelin riɗi. Ya hau ya tsaya ƙyam kamar buhu, yana kallon nesa. Hamsin. Arba'in da tara. Arba'in da takwas. Mai awo mutum ne mai tausayi. Da ya ga amininsa yana raguwa, sai ya koma gida ya sa aka sauya masa kwano da wanda ya fi girma, aka kuma ƙara man shanu.

Inna ta ce in yi wani abu. Na ce me? Ta ce ita ta sani? Ba ni na je Kano ba?

Wata Alhamis bayan la'asar wani aminin Baba ya biyo daga kasuwar Maigatari. Bafulatani ne, shanunsa suke kwana a gonarmu duk bayan kaka, ni Baffa nake ce masa. Mu kuwa asalinmu Mangawa ne, abokan wasan Fulani, don haka shi da Baba ba sa gaisawa sai da tsiya. Ya sauko daga bayan babur da ƙwarya ɗaure a tsumma, tun daga nesa yake ɗaga murya.

"Ina bawan nawa? An ce an yanka ka, ban ga kasona ba."

"Wa zai ba ka? Naman Bamange ya fi ƙarfin haƙorin Fulani."

"Dube shi, ya koma kamar sandata. To ga abin da zai tashe ka. Uwar gidana ta dama da hannunta, na ce ta zuba suga kada ta ji tausayinsa, na mara lafiya ne."

Ya buɗe. Fura da nono ce, ta yi kauri, ƙamshinta ya cika ƙofar gida. Ladan da direba da mai awo suna zaune a gindin darbejiya, suka matso. Na ce:

"Baffa, likita ta hana shi abu mai…"

"Likitar ta taɓa tatsar saniya?"

Aka yi dariya. Baba ya yi min kallon da yake min tun ina ƙarami in na sa baki a maganar manya. Ya karɓi ludayi. Mutum ya ɗauko ƙwarya tun daga ruga, ya ratsa kasuwa da ita bai bari ta zube ba, ba a ce masa an ƙoshi. Na ƙirga ludayi bakwai.

Wannan karon bai kai zaure ba. Yana cikin ba Baffa amsar wata tsiya sai maganar ta tsaya, fuskarsa ta yi fari, ya sulale a kan buzu. Ladan ya fara tofi. Mai awo ya ce ciwon ne ya dawo. Baffa ya tsaya riƙe da ludayi yana salati da Fulatanci. Direba ya ce a kawo ruwa a ba shi. Nan ne bakina ya kuɓuce.

Na ce kada wanda ya ba shi ruwa. Na ce ba iska ba ce, ba ciwon ba ne, furar ce. Na ce kuma ba yau aka fara ba, kullum haka yake yi bayan tuwonku, a zaure, ni nake kwashe shi. Na shiga gida a guje na ɗauko kofin shayi na dangwarar a tsakiyar tabarma, na ce ga cikin nasa nan, wanda ya iya zuba kwano huɗu a ciki ya zuba mu gani.

Huɗunsu suka zuba wa kofin ido. Baba yana kwance ido rufe, amma na san yana ji, don ya juya fuskarsa wajen bango. Muka ɗaga masa ƙafa, aka yi masa fifita, bayan wani lokaci ya dawo. Baffa ya ɗaure ƙwaryarsa ya tafi ko sallama bai yi da tsiya ba.

Kwana biyu Baba bai yi min magana ba. In yana son buta sai ya gaya wa Inna ta gaya min, alhali ina tsaye a gabansa.

Dattawan suka yi shawara a masallaci, suka yanke abin da suke ganin shi ne kara. Suka ɗauke tabarma daga ƙofar gidanmu suka mayar ƙofar gidan ladan, can ƙarshen layi, don kada ya ga abinci ransa ya biya. Kowa ya ce sun kyauta. Magariba ta yi, Baba ya zauna shi kaɗai a kan buzu, yana jin ƙarar murfin kwano daga nesa da dariyar direba. Na kawo masa 'yar loma uku a faranti, yadda likita ta ce. Ya dube ta ya ce shi ba kaza ba ne da za a watsa masa tsaba. Mutumin da ya fi shekara talatin bai sa hannu a kwano shi kaɗai ba. Na ce to mu ci tare. Ya ce yaushe na fara cin abinci da ubana?

Zufa ta tsaya, gudawa ta tsaya, don babu abin da zai fita. Juma'ar da ta biyo, arba'in da shida. Mai awo ya sake gyara sikelin ya ce ya sake hawa. Arba'in da shida.

Da yamma na sami direba yana wanke ƙafa a ƙofar gidansa. Na ce Kawu, ka san mutane a tashar Gumel, a nema mana kujerar gaba ta Kano sati mai zuwa. Ya ce lafiya? Na gaya masa maganar kilo, da maganar roba, da abin da Baba ya ce a kan robar. Na ce in na kai shi na ci amanarsa, in na bar shi kuma kun san sauran. Ya ce yanzu ba mun daina ba shi ba? Na ce ai shi ya sa. Da ku ya ci ya faɗi, ba ku ya ƙi ci.

Ya daɗe yana goge tsakanin yatsunsa. Sannan ya ce:

"To ai ba kayan ne suka yi yawa ba, lodin ne ba a iya ba. Ƙaramar mota ce aka yi mata lodin tirela. Ƙaramar mota sawu take yi."

Ban gane ba sai washegari. Ana fitowa daga asuba sai ga ladan da ɗan kwano a ƙofar gidanmu, ƙosai ne a ciki. Ya zauna ya ce bismillah, kamar haka aka saba tun kakanni. Baba ya dube shi, ya dubi kwanon, ya wanke hannu. Ya ci uku. Da hantsi mai awo ya bar rumfa ya zo da ɗanwake. Bayan azahar direba da nasa. Bayan la'asar Inna ta fitar da namu, duk wanda ke kusa ya zauna. Magariba aka dawo da tabarma inda take, aka buɗe kwanuka yadda aka saba, amma Baba a ɗaya kawai yake sa hannu, yau na wannan gida gobe na wancan. Direba ne ya tsara layin, irin na lodi a tasha, kuma ba ya yarda a tsallake. Shi ya naɗa kansa mai tsaron kwanon sha, sai rabin awar likita ta cika. In Baba ya miƙa hannu sai ya janye ya dubi agogo ya ce, "Yaya, ba a cika ba."

Matan layi ba su ji daɗi ba. Matar ladan ta aiko wa Inna cewa ita ba ta taɓa jin inda ake ciyayya da sassafe ba sai a kanta. Inna ta aika mata da daddawa. Mai awo, da yake shi ba ya iya barin saura, ya yi ƙiba har rigar Juma'arsa ta matse shi. Baffa ya ɗauke ƙafa sati uku, sannan ya zo da ƙwan zabi a hula, ya ajiye ya ce wannan dai ba suga a ciki, in ya kashe bawan nasa to dama kwanansa ne ya ƙare.

Ba wai shi ke nan ba. Akwai ranar wani suna da ya ɗanɗani kunun zaƙi a ɓoye, muka sha fama. Akwai ranakun da ko loma biyu ba ta zama, sai kumburi da gyatsa. Miyar da ta cika mai har yau ba ta yi masa. Sikeli ya tsaya a arba'in da shida sati uku, ban san ko murna zan yi ba. Sannan ya motsa zuwa da bakwai.

Da lokacin komawa ganin likita ya yi, muka tafi da ƙafafunmu, ba a kwance ba. Sikelin asibiti ya ce arba'in da takwas. Likitar ta ce ba yabo ba fallasa, a ci gaba da abin da ake yi, ba maganar roba yanzu. Ta tambayi yadda muka yi, na fara ba ta labarin layi, Baba ya taka min ƙafa.

A hanyar dawowa motar cike take, mu huɗu a baya, har da wata mata da wani malamin makaranta. Baba ba ya cin abinci a hanya. Cewa yake dattijon da ke tauna a tasha ko shaida ba a karɓa daga bakinsa. Mun baro Kano tun kafin azahar, ina ta lissafin awowi a raina, na rasa yadda zan fara. Da muka tsaya sauke wani a Gagarawa Tasha sai ya ce ƙarfe nawa. Na gaya masa. Ya leƙa ta taga ya yafito wata mai dafaffen ƙwai, ya karɓi biyu. Ya miƙa wa malamin ɗaya.

"Bismillah, malam."

"A'a Baba, na ƙoshi."

"Ni ma na ƙoshi. Karɓi."

Malamin ya karɓa. Baba ya fasa nasa a gwiwa, ya ɓare a hankali, ya riƙa gutsura yana taunawa kamar mai aikin lada, mota tana tafiya, kowa yana kallon gabansa. Da ya gama ya tattara ɓawon, nasa da na malamin, ya juye min a hannu ya ce kada in zubar wa mutane a mota. Na riƙe har Gumel.